Daga Albam ɗin Gida Zuwa Bamako: Yadda Za Ka Gabatar wa Ɗaliban Sakandare Manyan Masu Ɗaukar Hoto

Shekarar da na fara koyar da ɗaukar hoto a wata sakandare a nan Jos, abin da aka yi mini ina ɗalibi shi na yi wa yarana. Na cika allo da sunaye: wane an haife shi shekara kaza a ƙasa kaza, ya rasu shekara kaza. Suka kwafe tsaf, aka zo jarrabawa suka amayo mini abina yadda na ba su. Sai ranar da na ce kowa ya kawo hoton da ya ɗauka da hannunsa. Kusan duk iri ɗaya ne: aboki a tsaye ƙiƙam a tsakiya, ya ɗaga yatsu biyu, rana ta dake shi a fuska har ya runtse ido, ga turken wuta ya tsiro daga tsakiyar kansa. Sunayen suna nan cikin littafi, amma ko ɗaya bai kai ga ido ba.

Tun daga nan na sauya hanya. Yaro ba ya bukatar sanin babban mai hoto don ya iya faɗin sunansa. Yana bukatarsa ne don ya ga yadda wani ya taɓa fuskantar matsalar da shi ma zai fuskanta, wato ina zan tsaya, ina haske yake, yaushe zan danna, kuma wa ya ba ni izini. Wannan jagora ta malamin da ke da aji ko ƙungiyar masu hoto ce, da zango guda a hannunsa, da 'yan wayoyi biyu ko uku, ko da babu kyamara ko ɗaya.

Mataki na farko: ka rage, sannan ka sake ragewa

Zango ɗaya ba zai ɗauki mutum ashirin ba. Zaɓi shida ko bakwai, kowanne da hoto uku zuwa biyar. Kada ka zaɓe su don suna, ka zaɓe su don kowanne yana koyar da abu ɗaya da na kusa da shi ba ya koyarwa. Ni nakan jera su daga kusa zuwa nesa: mai hoton unguwa, sai Mali, sai Nijeriya, sannan a tsallaka teku. Dalili kuwa, in ka fara da Turai, abin da yaro zai ɗauka shi ne hoto na gaske ana yin sa ne a ƙasar da ake dusar ƙanƙara, nasa kuwa wasan yara ne.

Kada ka dogara da majigi. Kai ma ka san halin wuta: ranar da ka shirya, ranar za a ɗauke. Je shagon wankin hoto, ka sa a wanko maka hotunan a kati babba, ka sa kowanne cikin leda mai haske don hannun yara. Fotokwafi ba zai yi ba, yana cinye inuwa ya mayar da ita baƙi ƙirin, alhali a cikin inuwar darasin yake. Kuma ka tace hotunan da kanka tun a gida. Wasu daga cikin manyan nan suna da hotunan masu wanka a bakin kogi ko na gawarwaki, in ka ce wa yara "ku duba a intanet" ba tare da ka zaɓa musu ba, kai za a kira ofishin shugaban makaranta.

Mataki na biyu: a fara da hoton kaka

Makon farko kada ka ambaci sunan kowa. Ka ce kowa ya roƙi iyayensa tsohon hoto ɗaya daga albam, ko wanda ke rataye a falo, ko wanda ke ƙasan akwati. Wanda aka hana shi fita da shi ya ɗauko shi da waya. Za ka sha mamakin abin da zai fito daga gidajen Gangare da Unguwar Rogo da Bukuru: hoton kaka da babbar riga a gaban labulen situdiyo, hoton amarya da ƙawayenta an jera kwanukan tangaran a baya, hoton dawowa daga Makka da haƙorin zinare, hoton wani ma'aikacin kamfanin kuza da gajeren wando da doguwar safa.

Ka baza su a tebur, ka yi tambaya ɗaya: wa ya ɗauki wannan? Shiru za ka ji. Kowa ya san wanda ke ciki, ba wanda ya san wanda ke bayan kyamara. Ka sa su juya bayan katin, wani lokaci akwai hatimin situdiyo da ya dushe. A nan ne yaro ke fara gane cewa hoto ba saukowa yake daga sama ba, wani ne ya ce wa kaka "ɗan juyo nan, Alhaji, ɗaga haɓa kaɗan." Wata yarinya ta taɓa ce mini, "Malam, ashe kakata ba haka kawai ta dafa rediyon nan ba, sa ta aka yi." Na ce mata ta riƙe wannan maganar, mako mai zuwa za ta bukace ta.

Mataki na uku: kallo kafin labari

Wannan shi ne ƙashin bayan aikin, kuma haka za ka yi da kowane hoto har ƙarshen zango. Ka ɗaga hoton ba suna, ba shekara, ba ƙasa. Minti biyu cur ba mai magana. Minti biyu a gaban 'yan shekara 16 da suka saba shafa waya da babban yatsa ya fi wa'azin awa guda tsawo, za su yi ta motsi, kai dai ka daure.

Sai tambayoyi, kuma a wannan jerin. Da farko, me kuke gani? Abin da ido ya gani kawai. In wani ya ce "tana cikin damuwa", ka tare shi: me ka gani da ya nuna maka damuwa? Sai ya ce ta dafa kumatu, goshinta ya tattare. To wannan shi ne gani, na farkon fassara ce. Na biyu, daga ina haske ya shigo? Su nuna da yatsa, su nemi inuwa su bi ta zuwa tushenta. Na uku, a ina mai hoton ya tsaya, a tsaye yake ko a tsugune, kusa ko nesa? Na ƙarshe, me ya bari a waje? Wannan ita ce tambayar da ke buɗe kai, domin yawancin yara ba su taɓa tunanin cewa gefen hoto yanke hukunci ba ne.

Sai bayan duk wannan za ka faɗi suna da labari. A lokacin suna jin yunwarsa, zai kuma zauna.

Mataki na huɗu: Bamako, inda za ka daɗe

Seydou Keïta shi ne ƙofar da ta fi sauƙin shiga, domin hotunansa 'yan uwan waɗanda yara suka kawo daga gida ne. Ɗan Bamako ne, babban birnin Mali, kafinta tun farko kamar mahaifinsa, wani kawunsa ya kawo masa ƙaramar kyamarar Kodak Brownie tsaraba a 1935. Ya buɗe situdiyonsa a 1948, ya yi ta ɗaukar mutanen gari har farkon shekarun 1960, lokacin da ya koma yi wa gwamnati aiki. Ya rasu a 2001.

Abin da za ka ja hankalinsu a kai uku ne. Yawancin hotunansa da hasken rana ya ɗauke su a tsakar gida, ba da fitila ba. Yana rataya zane mai ado a baya, sai ya zaunar da mace sanye da atamfa mai nata adon, ado a kan ado, amma fuska ba ta ɓata a ciki. Sannan yana da kayan aro a ajiye: agogo, alƙalami, rediyo, babur, har da mota, wanda ya zo ya zaɓi abin da yake so a gan shi da shi. Nan ka waiwayi yarinyar nan mai maganar rediyon kakarta. Tambayar da ke haifar da gardama mai daɗi ita ce: mutumin da ya jingina da babur ɗin da ba nasa ba, hotonsa ƙarya ne ko gaskiya? Ajina kan rabu biyu. Ni nakan ce gaskiyar burinsa ce aka ɗauka, amma ba na faɗa sai sun gaji da musu.

Ka ba su labarin 1991. A shekarar an nuna wasu hotunansa a wani baje koli a birnin New York, aka rubuta a ƙarƙashinsu cewa ba a san wanda ya ɗauka ba. Sai da wani Bafaranshe, André Magnin, ya bi sawu har Bamako da kwafin hotunan a hannu kafin aka gano mai su yana nan da ransa, da dubban nagetif, wato fim ɗin da ake wanko hoto daga jikinsa, a adane. Daga ranar nakan kafa doka a aji: duk hoton da aka miƙo mini ba suna da kwanan wata da wuri a bayansa, ba na karɓa.

Aikin makon: kowace ƙungiya ta yara huɗu ta zo da zanen gado ko atamfa, a rataya a inuwar baranda inda haske ke shigowa ta gefe ɗaya. Ɗaya ya zauna, ya zo da abu ɗaya daga gida da yake so a san shi da shi. Ba fitilar waya, ba filta. Kuma kowa sau uku kawai zai danna. Keïta da fim yake aiki, fim kuwa kuɗi ne, shi ya sa yake gyara wuyan riga da zaman hannu kafin ya taɓa kyamara. Yaron da ya san harsashinsa uku ne ba ya harbin iska.

In ka samu sarari, ka bi shi da Malick Sidibé, shi ma na Bamako, wanda ya rasu a 2016. Shi fita ya yi da kyamara ya bi matasa wuraren bukukuwansu bayan Mali ta samu 'yanci a 1960, kuma a 2007 aka ba shi babbar lambar yabo ta baje kolin birnin Venice. Ka ajiye hoton Keïta da na Sidibé kafaɗa da kafaɗa, gari ɗaya, kusan zamani ɗaya, ɗaya kowa a natse, ɗaya kowa a motse. Yara da kansu za su fitar da bambancin.

Mataki na biyar: Ojeikere da darajar abin da aka raina

J. D. 'Okhai Ojeikere ɗan ƙasar Edo ne, an haife shi a 1930, ya rasu a 2014. Daga 1968 ya shiga ɗaukar kitson matan Nijeriya, bai daina ba har ya tara kusan dubu. Baƙi-da-fari ne, bango fili ba komai, kuma da yawansu ta ƙeya ya ɗauka, ba a ganin fuska sam. Akwai wanda ake kira Onile Gogoro, da Yarabanci ke nufin dogon gini, gashin an naɗe shi da zare ya miƙe sama kamar hasumiya.

Karon farko da na ɗaga wannan hoton samarin aji dariya suka yi: "Malam, ƙeya ce fa!" 'Yan matan kuwa suka matso. Suka shiga lissafa yadda aka tsaga, awa nawa za a yi a zaune, wane irin hannu ne zai iya. A ranar waɗanda ba su taɓa buɗe baki a aji ba su suka koyar da darasin. Abin da Ojeikere ke koyarwa shi ne hoto ɗaya labari ne, amma hoto talatin na abu iri ɗaya, an ɗauke su ta hanya ɗaya, sun zama taska. Kitso yana warwarewa cikin mako biyu, yayi yana wucewa, hoton ne ya riƙe shi.

Wannan aikin nakan ba shi mako biyu, domin shi ya fi kowanne ba da 'ya'ya. Kowane ɗalibi ya zaɓi abu ɗaya da ake gani kullum ba a kula da shi, ya ɗauki guda goma, nesa ɗaya, haske ɗaya, bango ɗaya. Huluna, daga zanna bukar zuwa ƙube, da yadda kowa ke karya tasa. Ɗaurin ɗankwali. Zanen lalle a hannu, wanda ya warware matsalar 'yan matan da ba a so a ɗauki fuskarsu. Rubuce-rubucen bayan keke napep. Tsibin tumatir da kabeji da dankalin Turawa a kasuwar Farin Gada. Ƙofofin tsofaffin gidaje. Sharaɗi guda: in na farko daga taku uku aka ɗauke shi, na goma ma daga taku uku. Idan aka jera su a bango ne yaro zai ga abin da ya yi, kuma sau da yawa shi ne na farkon mamaki.

Mataki na shida: daƙiƙa

Nan ba sai ka daɗe ba. Hoto ɗaya na Henri Cartier-Bresson, Bafaranshen da ya rayu daga 1908 zuwa 2004, ya isa: wanda ya ɗauka a 1932 a bayan wata tashar jirgin ƙasa a Paris. Wani mutum ya yi tsalle zai ƙetare ruwan da ya kwanta, dunduniyarsa saura ƙiris ta taɓa ruwan, inuwarsa a ƙasa tana shirin haɗuwa da shi. Can baya a jikin bango akwai takardar talla da zanen mai rawa, shi ma a sama yake. Ka tambaye su: da ya danna kafin wannan da ƙiftawar ido, ko bayansa, me za a samu?

Sai a fita filin makaranta lokacin tara. Kowa ya nemi wuri mai kyakkyawan bango, ya tsaya, ya jira wani abu ya shigo. Ba bin mutane da waya, jira. In damina ce kuwa Jos ba ta rasa kududdufi a bakin aji.

Mataki na bakwai: rami da dutse

A nan ne garinmu ke ba mu abin da malamin wani gari ba shi da shi. Sebastião Salgado ɗan Birazil ne, masanin tattalin arziki da ya ajiye aikin ofis ya ɗauki kyamara. A 1986 ya je ramin haƙar zinare na Serra Pelada, ya ɗauko dubban mutane caɓe-caɓe da laka suna hawan tsani da buhunan ƙasa a wuya, kamar tururuwa a bakin rami. Ka ɗaga wannan hoton a gaban yaran da suka tashi suna ganin kududdufan da haƙar kuza ta bari a Rayfield da Bukuru, ka ga yadda aji zai yi tsit. Wasu kakanninsu kwandon kuza ne ya kawo su Jos daga Kano da Katsina da Borno. Ka sa su tambayo a gida.

Abin lura a wurin Salgado shi ne yadda yake sauya nesa: hoto ɗaya daga can sama, mutane ɗigo-ɗigo, na gaba kuma ƙafa ɗaya ce kawai da jijiyoyinta. Ka koya musu wannan da sana'ar da ke kusa, masu fasa dutse, makera, masu lodin buhuna: ɗaya daga nesa, ɗaya daga tsakiya, ɗaya na hannu kawai. Amma kada ka tura yara bakin ramin haƙa ko kududdufi su kaɗai. Ruwan nan yana da zurfi, ya ci mutane.

Masu son duwatsu ka nuna musu Ansel Adams na Amurka da hotunansa na duwatsun gandun dajin Yosemite, ka sa su ƙirga launin toka nawa ne tsakanin baƙi da fari. Duwatsun Shere da sassafe, kafin hazon hunturu ya rufe su, ba su da abin jin kunya a gaban kowane dutse.

Mataki na takwas: wa ke ɗauka, wa ake ɗauka

Kada ka bar wannan ya zama nasiha ta minti biyar a ƙarshen zango. Darasi ne mai zaman kansa, kuma da hotuna ake yin sa.

Fara da Jonathan Adagogo Green, ɗan Bonny, wanda ya rasu a 1905 yana da shekara 32 kacal. Shi ya ɗauki hoton Oba Ovonramwen na Binin a cikin jirgin ruwa a 1897, bayan Turawan Ingila sun ci garinsa za su kai shi Kalaba. An daɗe ana zaton Bature ne ya ɗauka, saboda sunan da ke jikin hatimin. Tambayi yara: sanin cewa ɗan ƙasa ne ke bayan kyamarar ya sauya yadda kuke kallon idon sarkin?

Sai Dorothea Lange da hoton da ta ɗauka a Kalifoniya a 1936, lokacin da talauci ya yi wa Amurka katutu: uwa ta dafa haɓa, yara biyu sun kifa kai a kafaɗunta sun juya wa kyamara baya, jariri a cinya. Hoton ya zagaya duniya, amma sai a ƙarshen shekarun 1970 aka san sunan matar, Florence Owens Thompson, kuma ta nuna ɓacin ranta cewa ba ta amfana da komai ba. Hotunan Lange na wannan aikin suna ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka, ana sauke su kyauta, don haka ba ka da uzurin kawo mai dishi-dishi. Ga manyan aji kana iya ƙara hoton Kevin Carter na 1993, na yaron da yunwa ta durƙusar a kudancin Sudan da ungulu a bayansa. Ya samu Pulitzer, babbar lambar yabon aikin jarida ta Amurka, a 1994, ya kuma sha tambayar me ya yi wa yaron. Wannan hoton yana da nauyi, ka auna ajinka kafin ka fito da shi.

Daga nan ka dawo gida. Fati Abubakar 'yar Maiduguri ce, ma'aikaciyar jinya tun asali. Ta gaji da yadda duniya ba ta ganin komai a garinsu sai bam da sansanin gudun hijira, sai a 2015 ta buɗe shafin Bits of Borno a Instagram, tana ɗora 'yan makaranta da 'yan kasuwa da bukukuwan aure. Rahima Gambo ita ma ta yi aiki mai tsawo da ɗaliban makarantun Maiduguri, wani sashensa ta sa masa suna Tatsuniya. Waɗannan biyun suna yin abin da ba wani Bature da zai yi maka: 'yan matan aji suna ganin mace 'yar Arewa riƙe da kyamara. Kuma yaran Jos sun san wannan ciwon sarai. Ka ce su rubuta sunan garinsu a intanet su ga hotunan da ke fara fitowa, sannan ka tambaye su ko wannan ne garin da suke kwana suke tashi a ciki.

Dokokin fita kuwa a rubuce suke a bangon ajina. A yi sallama, a faɗi suna da makaranta, a nemi izini: "Baba, don Allah aikin makaranta ne, ko zan iya ɗaukar hannunka kana aiki?" In an ce a'a, a yi godiya a wuce. A nuna wa mutum hotonsa bayan an ɗauka. Ba ɗaukar almajiri ko mai bara don a ba mutane tausayi. Ba ɗaukar shingen jami'an tsaro. Ba shiga unguwar da ba a san kowa ba sai da ɗan unguwar, kuma in ajinka ya haɗa yaran unguwanni daban-daban, ka haɗa su bibbiyu kowa ya zama jagoran ɗan uwansa a tasu.

Akwai iyayen da ba sa son hoto saboda fahimtarsu ta addini. Kada ka mayar da aji wurin muƙabala. Ka aika takarda gida tun farkon zango, wanda aka hana shi ɗaukar mai rai ya yi aikinsa da gine-gine da duwatsu da kayan sana'a, makinsa bai ragu ba.

Mataki na tara: kowa ya ɗauki nasa gwani

Saura mako uku a rufe zango, sai ka sakar musu ragama. Ka rubuta sunaye a 'yan takardu a ɗiba: Solomon Alonge, mai hoton fadar Binin, Peter Obe na jaridar Daily Times da ya ɗauki yaƙin basasa, George Osodi, wanda ya zagaya fadodin sarakunan Nijeriya ya ɗauke su, har da marigayi Sarkin Kano Ado Bayero, James Barnor na Gana, Samuel Fosso, da ya buɗe situdiyo a Bangui, babban birnin Afirka ta Tsakiya, yana ɗan shekara 13, Gordon Parks na Amurka, wanda ya ɗauki Muhammad Ali. Na ƙarshen nan samari har rige-rige suke yi a kansa.

Abin da kowa zai kawo kaɗan ne. Hoto ɗaya na gwaninsa da ya zaɓa da kansa. Bayani na minti uku da baki, da Hausa ko Turanci, ba karantawa daga takarda ba. Sai hoto ɗaya nasa da ya ɗauka a Jos da dabarar mutumin. Kalmar da nake nanatawa ita ce dabara, ba kwafi ba. Wanda ya samu Osodi ba sai ya nemi shiga fada ba, mai unguwarsu ko limaminsu ko kakarsa a kan kujerarta sun isa, muddin ya gane yadda wuri da tufafi ke faɗin matsayin mutum.

Wajen ba da maki, tarihin rayuwa kashi ɗaya cikin biyar kawai nake ba shi, domin shi ne abin da ake kwafowa daga waya cikin minti biyu. Sauran na kallo ne da aiki: ya iya nuna haske? Ya san dalilin tsayawa a nan ba can ba? Ana ganin dabarar a nasa hoton? Tambaya ɗaya da ke fallasa mai kwafe ita ce, "Wane abu ne ba ka so a hoton nan?" Wanda ya kalla da gaske yana da amsa. Kuma ka bar su su ƙi. Yaron da ya ce hotunan Adams sun yi masa sanyi ba mutum a ciki, ya kawo hujja, ya fi wanda ya ce duk suna da kyau.

Ranar ƙarshe a ɗaura igiya a baranda daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi, a maƙale hotunan da abin shanya, na gwani a hagu, na ɗalibi a dama. A gayyaci iyaye, a kuma gayyaci waɗanda aka ɗauka in za su iya zuwa. In akwai tsohon mai situdiyo a unguwa, irin wanda ya yi zamanin wankin fim a ɗaki mai duhu, ka je da kanka ka roƙe shi ya zo da tsohuwar kyamararsa, ka ba shi kujera a gaba, yara su yi masa tambayoyin nan huɗu da suka saba yi wa hoto. Da an tashi, a ciro katin kowane mutum da aka ɗauka, ɗalibin ya rubuta sunansa da kwanan wata a baya, ya kai masa har inda ya same shi.